Tsakiyar Ƙunshin Kilishi

Gidan mahauta aka kai ni aure a Mafara, gidan da ya yi suna wajen kilishi. Mu mata muna dakan labu, wato haɗin ƙuli-ƙuli da yaji da ake tsoma naman a ciki, maza kuma suna yanka shi falle-falle su shanya a kan gadon kara. Surukina ne shugaba. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma faɗa gare shi kamar me. Idan shanya ba ta bushe ba, ko da hadari ne ya rufe rana, sai ya zage mai ita tas a gaban mutane. To, wa zai kai kansa? Kowa ya koyi cusa mai danshi a tsakiyar ƙunshi, ya rufe da busasshe sama da ƙasa. Duk gidan mun sani, ban da shi.

Akwai wani madugu daga Maradun wanda tun yana saurayi, a gidanmu yake yi wa ayarinsa guzuri. In ya saya, sauran fatake su biyo. In ya daina, mun shiga uku. Wata Talata a farkon damina ya sauka daga jakinsa, suka yi doguwar gaisuwa da tsoho, wato surukina, har da tambayar shanu da jikoki, sannan ya kwance wani ƙunshi a zaure. Ina leƙe ta bayan zana. Tsakiyar duk ta yi fumfuna.

"Baba, wanga munka buɗe cikin daji, ba gari kusa," in ji shi. "Mutanena da yunwa sunka kwana."

Tsoho ya miƙe yana huci. "Wa yaɗ ɗamre shi?"

Sai na ga mijina ya durƙusa.

"Baba, kowa na yi. In munka hwaɗa maka bai bushe ba, zagi za mu sha."

Na ɗauka mari ne zai biyo baya. Amma sai tsoho ya zauna ya roƙi madugu gafara. Madugu ya amsa a sanyaye, ya tafi bai sayi komai ba.

Washegari tsoho ya ajiye faifai a bakin rumfa. Wanda nasa bai bushe ba ya kawo nan, shi kuma tsoho ya ce "madalla", ko da kana ganin jijiyar wuyansa ta tashi. Mun sha dariya a ɓoye, amma wallahi ya burge ni. Kuma ba a sake ɗaure ƙunshi ba sai mai saye ya zaro daga tsakiya ya ci.

Da damina ta zo ƙarewa madugu ya biyo da ayarinsa, wai gaisuwa ce kawai ta kawo shi.

"Rabin kilishi bai bushe ba, yarana sun hwaɗa mani," in ji tsoho. "In kana so, sai gobe."

Madugu ya dube shi, ya dubi mijina, ya juya ya ce wa mutanensa su sauke kaya. Ayari guda ya yada zango a ƙofar gidanmu yana jiran rana, ni kuwa na koma turmi ina daka ina share hawaye.