Inda Na Yanke Baba

Ni ce mai ɗaukar shirye-shiryen talabijin a gidanmu na Kabara, tun ranar da yayana ya dawo daga aikin Hajji da na'urar bidiyo. Da taimako abin ya fara. Wuta ba ta zama, saboda haka idan an ci sa'a sai in ɗauki wasan kwaikwayo, matan gida su kalla duk ranar da aka kawo. Kafin shekara ta zagayo ya zame min ciwo. Ban bar komai ba, har shirin noma, ni da ban taɓa riƙe fartanya ba. Kaset ya cika akwatin kayana, ya gangara ƙarƙashin gado, kowanne da sunansa a gefe. Inna kan ce ranar da za a kai ni ɗakin miji, sai an nemo wa kaset motarsa daban.

Abin da nake taƙama da shi shi ne tsaftar aiki. Ba talla a kaset ɗina, ba sanarwa. Yatsana na kan maɓalli, da shiri ya tsaya na tsayar, da ya dawo na saki. Kaset da tsada, ban ga dalilin ɓata shi ba.

To akwai wani ɗan hoto da gidan talabijin kan saka don cike gurbi idan lokaci ya yi saura: ganuwa, kasuwa, sai marinar Ƙofar Mata. A nan Baba yake fitowa. Yana sunkuye bakin rami yana ɗago zane daga shuni, ya juyo ya harari mai ɗauka, sannan a nuna hannuwansa. Baba marini ne, kuma bai taɓa yarda ya tsaya gaban mai hoto ba, wannan ma shammatarsa aka yi. Da farko gida kan kaure da murna idan ya fito, daga baya muka saba. Ni kuwa ganuwar nan na bayyana nake tsayar da ɗauka. Me zan yi da Baba a kaset, ga shi zai shigo bayan la'asar yana faɗan an bar buta ba ruwa?

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da shi.

Bayan Inna ta fita takaba, wata rana da hantsi muna tsintar shinkafa, ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ɗan sa min kaset ɗin da Malam yake ciki. Fuskarsa ta fara ɓace min."

Na ce to. Wallahi na ɗauka akwai. Mako uku na yi ina bin kaset ɗaya bayan ɗaya, har idona ya yi ja. Duk inda ya kamata ya fito, sai in tarar da aikina tsaf, ko alamar yanka babu. Ban taɓa tsanar iyawata kamar a makonnin nan ba.

Na koma gadin talabijin, amma yanzu a juye: in bar shiri ya wuce, in ɗauki tsakani. Na tara tallan sabulu da na maganin sauro. Ashe sun daina saka wancan hoton, sun maye shi da na sababbin gadoji. Yayana ya je har gidan talabijin. Wani ma'aikaci ya ba shi haƙuri, ya ce tsofaffin kaset tuni aka ɗora wasu shirye-shirye a kansu, su ma tsada yake musu.

A wani kaset na shirin girke-girke na samu wurin da na taɓa yin gaggawar saki. Daƙiƙa biyu ne. Hannuwa biyu, shuɗaye har gwiwar hannu, suna matse zane. Daga nan sai mai girki ta fito tana yanka albasa.

Na sa wa Inna. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Ta sa na mayar, na sake mayarwa, har kaset ɗin ya fara zane-zane.

"Hannunsa ne," in ji ta. "Ba sama kaɗan?"

Na ce iyakarsa ke nan.

"Mutanen talabijin ne suka yanke shi?"

Na ce e.

Har Allah ya karɓi ranta tana jin haushin mutanen talabijin. Ni kuma ina zaune kusa da ita, ina jin ta, ban taɓa gyara mata ba.