Inuwar Kurna a Hanyar Lis

Watan Rajab ne, zafin Jidda ya fara sassautawa, irin lokacin da mutum zai kwana a ɗaki bai tashi jiƙe da gumi ba. Ina da shekara tara ko goma, a tsakiyar shekarun sittin. Shekarar ta zo mana da daɗi, don a cikinta Baba ya sayi motarsa ta kansa, bayan ya daɗe yana tuƙa ta mutane a tashar jiragen ruwa. Tsohuwar wanet ce ja, wato ƙaramar akori-kura, ƙofarta ɗaya sai an ɗaure da igiya. Amma a unguwarmu ta Karantina, inda gidajen duk katako ne da kwano, ba ƙaramin abu ba ce. Kullum idan na dawo daga ɗiban ruwa a famfon unguwa sai na rage kaɗan a gwangwani in goge mata fitilu, yaran maƙwabta suna tsaye suna kallona. Wata Alhamis, bayan sallar asuba, muka shimfiɗa katifa a bayanta, muka ɗora risho da tukunya da salkar ruwa, Baba da wani maƙwabci suka ɗauko kakata a kan kujera suka zaunar da ita, muka kama hanyar kudu.

Kakar tawa mahaifiyar Baba ce, Inna yake ce mata, mu ma haka muke kiranta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Da ƙafa ta taso daga ƙasar Hausa tun tana da ƙarfinta, suna tafe suna yada zango suna aiki, har suka ratsa Sudan suka ƙetare teku a jirgin katako. Tafiyar ce ta cinye mata gwiwoyi. Da na san ta, ko banɗaki sai mahaifiyata, Ummi, ta riƙe ta. Tana da ƙanwa, Delu, wadda suka yi wannan tafiya tare, ita kuma ta yi aure ta zauna a Lis, wani gari na masunta a bakin teku. Saƙo ya zo cewa Delu ba ta da lafiya. Inna ta ce tunda Allah ya ba ɗanta mota, ita kam sai ta ga ƙanwarta da idonta.

A lokacin kwalta ba ta da nisa daga gari. Tana ƙarewa sai sawun tayoyin manyan motoci a kan rairayi, wani ya yi nan wani ya yi can, direba ya zaɓi wanda zuciyarsa ta kwanta da shi. Teku na hannun damanmu, wani lokaci kusa har muna jin ƙarninsa, wani lokaci ya ɓace bayan fili mai farin gishiri. A hagu kuwa, can da nisa, duwatsu ne jere kamar hayaƙi. Tafiyar hankali muke yi. Idan injin ya yi zafi Baba ya tsaya ya juya fuskar motar wajen iska, ni da ƙanena Sale, wanda bai wuce shekara uku ba, mu sauka mu tsinci ɓawon katantanwa na bakin ruwa, in zaɓi masu santsi don 'yar carafke. Inna tana jingine da buhu tana tsokanar Sale, tana ce masa, "Angona, ko ɗan kifi ba ka kamo wa amarya ba?"

Wajen azahar muka iso wani wadi, wato faffaɗan kwarin da ruwa ke bi daga duwatsu zuwa teku. Busasshe ne ƙayau, yashi fari tas, faɗinsa har gaɓar can ta yi ƙanƙanta a ido. A tsakiyarsa, gefe da hanyar da motoci suke ratsawa, akwai itatuwa kore masu inuwa. Inna ta ɗaga kai ta dube su, sai ta buga bayan gidan direba da tafin hannu. Ta ce kurna ce, irin ta ƙofar gidan ubanta, kuma a nan za ta yi sallah ta sha inuwa.

Baba ya leƙo ya ce, "Inna, mu dai ƙetare tukuna. Direbobi ba sa son tsayawa a wadi."

Ta ɗaga ido sama, babu ko ɗigon gajimare. Ta ce, "Ruwan daga ƙasa zai tsiro?"

A garin su Inna mutum yana ganin hadari ya taso masa kafin rafi ya kawo, ita abin da ta sani ke nan. Shi ya san na nan ba haka yake ba, amma ban taɓa jin ya maimaita wa Inna magana sau biyu ba. Ya karya sitiyari ya bar sawun motoci, ya bi yashi a hankali har gindin kurnar.

Muka sauke ta a tabarma. Ummi ta kunna risho ta ɗora shayi, ta fito da gurasa da waken ful da muka taho da su. Na hau reshe ina kaɗo 'ya'yan kurna, Inna tana tsotsa tana lumshe ido. Na daɗe ban gan ta da walwala haka ba. Muna gama sallah sai wata iska mai sanyi ta biyo kwarin daga wajen duwatsu, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna ta shaƙa ta ce ƙamshin damina. Na dubi Baba, na ga ya ajiye kofinsa bai shanye ba. Can a kan duwatsun wuri ya yi baƙi ƙirin, mu kuwa rana tana dukanmu. Ya miƙe ya ce, "Yalla, maza a kwashe kaya."

Aka mayar da Inna bayan mota, shi da Ummi suka ɗaga ta. Ya tayar da injin, ya sa giya, motar ta yi gaba kaɗan sai ta tsaya tana kuka. Tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya suna watso yashi. Ya gwada baya, ta ƙara nutsewa. Ya fito bai dubi kowa ba, ya durƙusa ya rage iskar tayoyin, ya fara tono da hannu. Ummi ta ɗauki murfin tukunya, ni na ɗauki kwanon sha, muka shiga tono tare da shi. Yashin yana ƙona yatsu, kuma duk abin da ka kwashe rabinsa sai ya gangaro. Ya cusa tabarma a ƙarƙashin taya ɗaya, ya karyo rassa ya jera a ɗayar. Ni da Ummi muka dafa baya muna turawa. Tayar ta haɗiye tabarmar ta tofo ta a yage.

Muna cikin haka wata mata makiyayiya ta ɓullo daga sama da kwarin, sanye da baƙaƙen kaya, tana kora awakinta da sauri zuwa gaɓar da muka fito. Ba ta tsaya ba. Ta nuna duwatsu da sandarta ta ɗaga murya ta ce, "Sel!" Ko ni na san kalmar, ambaliya ke nan. Na kasa kunne, sai na ji wani abu can ƙasa-ƙasa, kamar manyan motoci da yawa suna tahowa daga nesa.

Gaɓar da ta fi kusa tana da 'yar tafiya, ga yashi mai kama ƙafa, ga hawa. Inna ba za ta iya ko taku goma ba. Baba ya koma cikin mota, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce sau ɗaya kawai zai ƙara gwadawa, yana jin ta kusa fita. Inna ta ce, "Ku kwashi yaran ku tafi. Ni ina nan, ya fitar da mu tare."

Ummi mace ce da ba a jin muryarta a tsakar gida, ban kuma taɓa ganin ta tsaya a gaban Baba ba. Ranar ta zagaya ta tsaya daidai ƙofarsa. Ta kwance zanen da take goyon Sale da shi, ta miƙa masa ta taga. Ta ce, "Malam, halas, ya isa haka. Sauko ka ɗauki Inna."

Ya dube ta, ya dubi sitiyarin da ke hannunsa. Ina ganin yatsunsa suna matse shi. Ƙarar can tana ƙaruwa. Sai ya kashe injin.

Ya zo ya juya baya ya durƙusa a bakin bodin, ya ce, "Inna, hau."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska. "Ni? A bayanka, ga surukata tsaye? Ka bar ni, Allah yana nan."

Ummi ta ce, "Na rufe idona, Inna. Don Allah."

Ba ta rufe ba, don ita ta kamo hannuwan Inna ta ɗora a kafaɗunsa, ta yafa zanen, ta zagayo ta ɗaure a ƙirjinsa. Inna tana cewa, "Ja da kyau, 'yar nan, wannan bai taɓa goyo ba."

Ummi ta saɓa Sale a kafaɗa, ta ce in ɗauki salka in kama bakin rigarta kada in saki. Muka nufi gaɓa. Ba gudu ba ne, yashin bai yarda da gudu ba. Ban san ruwa yana zuwa haka ba. Na zaci bango zan gani, sai ga wani siririn harshe mai launin ƙasa yana tafe a kan yashi yana tura ƙirare da kumfa da kashin awaki, a hankali kamar ba zai yi komai ba. Ya taɓa ƙafata da sanyi. Kafin mu yi nisa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, yana janye yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafata. Na waiwaya na ga Baba a baya, ya sunkuya, ruwa ya kai masa gwiwa, ƙafafun Inna suna reto. Ya yi tuntuɓe ya dafa da hannu ɗaya, ruwan ya taɓa zanen. Ummi ta ce, "Kada ki waiwaya," ita kuma idonta na can. Baba ya miƙe. Makiyayiyar ta gangaro ta miƙo mana sandarta, ta ja Ummi, ta ja ni, sannan su biyu suka kama Baba ta riga suka jawo shi kan duwatsun gaɓa, cikin ƙaya.

Muna zaune muna haki babban ruwan ya iso. Ya cika kwarin daga gaɓa zuwa gaɓa, yana birgima da itatuwa. Motar ta ɗan yi tsayin daka, sannan bayanta ya juya a hankali, ta kwanta a gefe ɗaya, ta tafi wajen teku. Baba yana tsaye yana kallo, Inna tana bayansa har lokacin, ya manta bai kwance ta ba. Ta kwantar da goshinta a wuyansa ta ce, "Ni na ja maka." Ya ce, "Inna, ki bar faɗa."

A rumfar su makiyayiyar nan muka kwana. Sai da ruwa ya janye wata babbar motar kifi ta ɗauke mu zuwa Lis, muka sami Delu da rai, tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Baba ya koma tuƙa motar mutane, bai sake mallakar tasa ba, ban kuma taɓa jin ya ambaci waccan ba. Yanzu hanyar kwalta ce shimfiɗe, kowane wadi da gadarsa. Ɗana yana kai ni Lis da safe mu dawo kafin magariba, gilashi a rufe, jikokina kowa kansa a sunkuye. Ba sa jin ƙarnin teku, ba su san iska tana da labari ba. Idan muka hau gadar nan nakan ce ya rage gudu, ya rage, bai tambaye ni dalili ba.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne safiyar da muka tashi a rumfar. Na fito na tarar da Baba zaune a kan dutse shi kaɗai, yana fuskantar kwarin da ya koma laka. Ruwa ya tafi da takalmansa, tafin ƙafarsa duk ƙaya ce da busasshen jini. Na koma na roƙi allura wajen makiyayiyar, na ɗebo ruwa kaɗan a salka, na zauna a ƙasa na ɗora ƙafarsa a cinyata. Ya so ya janye, na riƙe. Na fara cirewa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "A hankali, Uwata." Ban taɓa sanin ƙafar Baba tana jin zafi ba sai a safiyar nan.