Tafin Hannuna a Bakin Rumbun Iri

Ranar da aka buɗe rumbun iri akwai wan marigayi mijina, wanda gandunmu ke hannunsa, da babban ɗana, da autana, da matar autan tana goye da jaririya, da wani maƙwabcinmu Bamaguje da ya ara mana tsani, ya tsaya gefe yana jiran a gama ya ɗauki abinsa. Sai ni. Ba zan kama sunan kowa ba, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suna da jikoki yanzu. Ni ko allo ban taɓa riƙewa ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka yadda ya zo bakina haka za ku same shi.

A lokacin ni mace ce da ake shakka a ƙauyenmu, can gefen Maska. Ba ni da yawan dariya. In suruka ta zubar da tsaba wajen sussuka na gani, in yaro ya taɓa kwandon audugar wani na gani, kuma ba na gani in yi shiru. Ni ce mai zaɓen iri a gidan. Da kaka nakan bi dammunan dawa in ware zangarniyar da ta fi cika da nauyi, a zuba a ƙaramin rumbu na daban, a yaɓe bakinsa da laka da toka. Kafin lakar ta bushe sai in danna tafin hannuna a kai. Kowa ya san wannan hannun. Muddin yana nan ba a taɓa rumbun ba, kuma ba za a taɓa ba sai ruwan shuka ya sauka.

Autana saƙa yake yi da rani, yana kai fari, wato farin zanen da ya saƙa, kasuwar Maska. A can ya faɗa cikin masu caca. Bayan marina suke ɓuya saboda tsoron alƙali, su watsa wuri, kuɗin wancan zamanin, a ƙasa, a duba waɗanda suka kife da waɗanda suka buɗe. Da fari shi ya ci. Ya dawo mini da zane mai kyau, ya ce ribar saƙa ce. Ni da na san ribar saƙa ba ta kai nan, na karɓa na ɗaura ban tambaya ba. Daga baya na ga yana zaune shi kaɗai yana watsa ɓawon gyaɗa a ƙasa yana kwashewa. Na ga ranar kasuwa tuwo ba ya shigarsa. Amfanin gayaunarsa, ƴar gonarsa ta ƙashin kansa, ya ƙare tun kafin bazara, akuyar matarsa ta ɓata, ya ce kura ce, alhali ko sawun kura ba a gani ba.

Wata safiya na zagaya bayan gida na tarar da lakar bakin rumbun ɗanya, ba hannuna a kai. Na kira autan. Ya durƙusa ya ce wallahi Inna dami guda ne, kasuwa mai zuwa zai mayar da ninkinsa, hannunsa ya fara zafi ke nan aka tashi. Na zage shi tas, na ce in ya kuma sai na tsine masa. Sai dai da na tuna yadda wan ubansa zai kore shi daga gandu, da yadda matan da na sha yi wa faɗa za su riƙa dariya a bakin rijiya, na hau turmi, na jiƙa lakar, na danna tafina. Ya kuma ɗiba. Ni ma na kuma. Kowane karo faɗan ya fi na baya zafi, kowane karo hannuna ya koma kan lakar. Ban taɓa leƙa ciki ba, don ba na son in gani.

Da ruwan shuka ya sauka aka kafa tsani. Babban ɗana ya fasa lakar ya shiga, sannan ya ɗago kai ya ce ba komai a ciki sai ƙaiƙayi da abin da ɓera ya rage. Ƙasa ta jiƙa, maƙwabta sun fita da sungumi, mu ba abin da za mu jefa a rami. Wan mijina ya ɗauki gutsuren lakar ya jujjuya, ya ce ga hannun nan lafiyarsa lau, wannan ba aikin ɓarawo ba ne, aikin asiri ne. Sai ya dubi Bamaguje. Mutumin ya yi dariya, ya ce haba Malam, da yana da maganin ratsa laka ai da rumbun sarki zai nufa, me zai yi da na masu aron tsani. Amma da aka ambaci alƙali dariyar ta ɗauke. Autana yana kallon ƙasa. Matarsa ni take kallo, ashe ta daɗe da sani.

Nan na buɗe baki. Na ce a ƙyale bawan Allah, hannun nawa ne, amma ba wanda na danna da kaka ba ne, na faɗi komai. Wan mijina bai yi tsawa ba. Ya tambayi yaron me ya yi da abin da ya ci. Yaron ya ce Baba ai rabonsa da ci ya manta, yanzu ba ma cin yake nema ba, abin da ya tafi yake bi. Ya ce sau da yawa yakan rantse tun daga gida, amma da ya ji ƙarar wuri a ƙasa sai ƙafarsa ta kai shi. A nan na gane abin da nake wa tsawa ba rashin jin magana ba ne kawai, ciwo ne, kuma ni ce nake lulluɓe shi yana ruɓa.

Ba a kore shi ba. An cire wuri daga hannunsa gaba ɗaya, yayansa ke kai masa fari kasuwa. Ranar kasuwa shi da wan ubansa suke wuni a fadama. Aka sanar da duk wanda zai iya ba shi aro cewa gidanmu ba ya biya. Ya sake zamewa daga baya, ba zan ɓoye ba, amma da bakinsa ya zo ya faɗa, don an daina zaginsa, an kuma daina rufa masa. A hankali abin ya sake shi.

Ku iyaye, ku matan aure, cin farko shi ne tarkon, kada ku ɗaura zanen da ba ku san mafarinsa ba. Mai caca ba ya dainawa don an yi masa faɗa a bayan ɗaki. Ku faɗa wa manyan gida tun abin yana ƙarami, ku raba hannunsa da dukiya, ku sauya masa hanya, ku bar masa ƙofar da zai dawo ya faɗi gaskiya. Abin da kuke kira rufin asiri, iri yake ci.

Washegarin ranar da aka buɗe rumbun, da sassafe, na ɗauki babbar ƙwarya na nufi gidan Bamaguje, ni da ban taɓa roƙon ko gishiri ba. Na durƙusa gaban uwargidansa, na ba su haƙuri, na roƙi iri, na gaya mata dalili ban rage komai ba. Ta cika mini ƙwaryar da dawa kaura, ta miƙo faifai in rufe. Na ce ta bar abinta. Na ɗora a kai na biyo ta bakin rijiya, inda mata suka fi taruwa, ƙwaryar a buɗe.