Rigar Kariya ta Baba

Mahaifina ya haura saba'in yana hawan keke, kuma duk wanda ya ce masa ya sauka sai ya yi mako bai amsa gaisuwarsa da kyau ba. Keken baƙi ne mai sanda a tsakiya, ya girmi ƙannena duka. Kullum da hantsi yakan ɗaura kwando a baya ya nufi garkarsa, wato lambunsa, da ke kudu da Filinge, gefen titin Yamai, ya dawo dab da magariba da salati da albasa. Dawowar nan ce ta hana mu sakat. Lokacin rana ta faɗi, duhu bai gama shiga ba, ga manyan motoci suna tahowa daga Baleyara da kaya har sama, direbobin kowa na sauri ya iso gari.

Ni ce 'yar fari, ina aikin jinya a Yamai, na kuma ga abin da mota take yi wa mai keke. Ƙannena maza biyu suka yi shawara ta waya, suka yanke cewa a sa wa keken sarƙa a huta. Na ce ban yarda ba. In aka raba Baba da keke an raba shi da garka, in kuwa aka raba shi da garka sai zaman ƙofar gida da kirga masu wucewa, abin da na san ba zai daɗe a kansa ba. Na ce su bar min, ni na san magani. Suka ce to, amma in wani abu ya faru a wuyana yake.

Maganin nawa riga ce marar hannu, irin ta masu gyaran hanya, da muke ce wa jile. Koriya ce shar mai kashe ido, da ratsin azurfa wanda yake ƙyalli in fitilar mota ta haska shi. Na ninke ta a jaka na shiga motar Filinge ina jin kaina.

A gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kallona in yana magana, ni ma kaina a sunkuye nake. In yana da saƙo sai ya faɗa wa Gwaggo, ƙanwarsa da ke zaune a gidan tun rasuwar mahaifiyarmu, ko da ina zaune a tabarma ɗaya da su. Tun da na koma birni kuwa sunana ya zama “mutanen Yamai”. Don haka ita na miƙa wa rigar.

“Gwaggo, ki ce ma Baba rigar kariya ce. In shina sanye da ita, da yardar Allah mota ba ta taɓa shi.”

Baba ya karɓa, ya shafa ratsin da yatsa, ya juya ta ciki da bai.

“A tambayi mutanen Yamai, daga ina anka samo ta?”

“Masana ne sunka yi ta, Baba. Aikinsu ke nan.”

Ya jinjina kai, ya ce a gode musu. Na koma Yamai ina murna an yi sauƙi haka. Duk sanda na buga waya Gwaggo sai ta rantse yana sa ta, ko rana ɗaya bai tsallake ba. Ni kuma na cika wa ƙannena baki har suka daina ɗaukar maganar.

Bayan wata biyu wata maƙwabciyarmu ta zo Yamai sarin atamfa ta sauka wurina. Na tambaye ta yadda mutanen gari suka ga Baba a koriyar riga. Ta ce wace koriya? Ita dai kullum cikin tsohuwar shuɗiyar rigarsa take ganinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na tsani a mai da ni sakara. Na nemi hutun kwana uku, na dira gida ba sanarwa, na zauna a zaure ina jira. Dab da magariba sai ga shi ya turo keke, shuɗiyar riga har ƙasa, ba kore ko na magani. Na juya kan Gwaggo, tunda ita kaɗai nake da damar yi wa faɗa.

“Haba Gwaggo, da girmanki ki riƙa rantse mini bisa ƙarya?”

“Ƙarya? Shina sanye da ita hwa. Yaya, gwada mata.”

Baba ya ja wuyan rigarsa ƙasa kaɗan. Ga jilena can ciki, a kan singileti, tana kwance tare da layunsa. Ashe tun ranar farko haka yake sa ta. Gwaggo ta ƙara min bayani da alfahari: tana turara ta duk Juma'a, ba ya shiga bayi da ita sai ya rataye a ƙusa, kuma wani maƙwabci ya taɓa aronta zai yi tafiya Abala, ya je ya dawo lafiya lau. Shi ma a ciki ya sa.

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na yi bayani dalla-dalla yadda nake yi wa masu jinya, cewa amfanin rigar shi ne direba ya hango ta tun daga nesa. Baba ya saurara har na gama, sannan ya fuskanci Gwaggo.

“A tambayi mutanen Yamai, ina sunka taɓa ganin an sa kariya a waje? Mai guru bisa riga shike ɗaura shi? Abin da ido ya gani ai ya karye. Kuma wata biyu ina sanye da ita, mota ta taɓa ni?”

“Ba ta taɓa ka ba,” in ji Gwaggo.

“To.”

Na ce ai shekara hamsin kafin rigar ma mota ba ta taɓa shi ba. Ya ce wannan kuma aikin layun ne, yanzu sun sami mataimakiya. Da wannan ya tashi ya yi alwala.

Na ce gani ya kori ji. Washegari da la'asar na bi shi garka a ƙafa, na karɓi rigar, na jira rana ta yi ja. Muka fito bakin titi, na roƙe shi ya tsaya nan da kekensa ya zuba ido kawai. Na ɗora jile a kan mayafina, ni matar aure mai 'ya'ya uku, na miƙi gefen hanya. Wani mai amalanken jaki ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, ya tambaya ko an rufe hanya ne. Wasu mata masu itace suka yi ta waiwaye suna ƙunshe dariya. Ban kula su ba. Da na yi nisa na tarar da rami a gefen da nake, sai na tsallaka ɗaya gefen na tsaya.

Ba a jima ba wata babbar mota ta taho da fitilu a kunne. Hasken na sauka a kaina ratsin ya kama, har ni kaina na ga ƙirjina yana walƙiya. Direban ya rage gudu tun daga nesa, ya ba ni hanya mai faɗi ya wuce. Daɗi ya kama ni. Na dawo ta gefen da na tsallaka, ina shirya abin da zan ce, sannan na ƙetaro wurinsa.

“Baba, kun gani?”

Ya zabura, don bai zaci muryata daga nan ba. Fuskarsa tana can gefen da na fara bi, inda ba kowa.

“An gani, an gani sarai,” ya ce. “Ta yi kyau.”

Sai a nan na gane bai gan ni ba. Na zagayo na tsaya a gabansa, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni: na ɗaga kai na dubi cikin idon mahaifina. Yanar ido ce fara ta rufe su duka biyun, ta dama ta fi kauri. Ina duba idon baƙi kullum a wurin aiki, nasa kuwa kunya ta hana ni gani. Na ji haushin kaina sosai.

“Tun yaushe, Baba?”

Ba Gwaggo a wurin, sai ya amsa yana fuskantar keken.

“Tun damanar bara. Da rana ina ganin hanya. In rana ta yi ja, kunne ka tuƙi. Babbar mota na san muryatta, moto mai taya biyu ma hakanan. Amalanke ce ba ta magana.” Sannan ya ce, “Kada a hwaɗa ma samarin can.”

Na ce masa ana cire yana, na sha gani, kuma zan tafi da shi Yamai. Amma sai na faɗa wa ƙannena, kuma ba zai ƙara hawa ba sai idon ya washe. Na kama kan keken, ya sakar min. Muka taho ina turawa a gaba da koriyar rigata, shi yana biye, hannunsa a kan kwandon salati.

Da muka kusa shiga unguwa ya ji muryar abokansa a ƙofar masallaci, sai ya cire hannu daga kwandon ya miƙe sosai. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya lafiya yau ake tafe a ƙasa, ga kuma jami'ar hanya an samu.

“Lahiya lau,” in ji Baba da ƙarfi. “Taya ce ta sace muna bisa hanya.”

Tayar kuwa a cike take tam, kuma tsofaffin nan sun fara tasowa su duba. Na durƙusa kamar mai gyara takalmi, na lalubo bakin da ake ba ta iska, na danna da farce har ta kwanta.