Haƙorin da Ya Fito a Kwance

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Dogo Tebo uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kakata ce ta rene ni, ita nake kai wa kukana. Ta rasu da damina, kafin kaka haƙorin ƙarshe na can ƙurya ya tasar mini, ina ɗan shekara ashirin da biyu.

Da farko na raina shi. Na cusa kanumfari, na kuskure baki da ruwan gishiri, duk a banza. Dasashi ya kumbura, muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, cokali ma sai na karkata shi. Kwana tara ana kawo tuwo ɗakina, ina mayar da shi yadda ya zo. Babanmu yana Gadaka wajen shanu. Ni kuwa ga taurin kai, na ce ba zan faɗa wa kowa ba sai Inna, mahaifiyata, ta tambaye ni da bakinta.

Da abin ya fi ƙarfina na hau acaɓa na tafi asibiti. Likitan haƙori, wani mutumin kudu mai Hausa a karye, ya ɗaga hoton bakina ya nuna mini.

"Ka gani? Ya kwanta, yana tura ɗan'uwa nasa. Sai mun yanka. Wa ya rako ka?"

Na ce babu kowa. Ya leƙa bencin masu jira don ya tabbatar, kunya ta kama ni.

Da la'asar na dawo, baki cike da auduga, kunci kamar an ɓoye goruba. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na rage tafiya da gangan. Ta ɗago sau ɗaya, hannunta ya tsaya a cikin faifan, sai ta juya ta dubi katanga.

"Akwai kunu a ɗaki," in ji ta, "in da mai sha."

Na same shi a rufe, an tace shi babu ko gudaji ɗaya, an fifita ya huce daidai bakin mai rauni. Na san sannu ce take yi mini. Amma ni da kunnena nake so in ji, kuma ban yi ƙanƙanta da sanin ba za ta iya ba. Na zauna ni kaɗai na sha, ina kuka ba don haƙorin ba. Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan wannan, ina ta jira, har aka kai ta makwancinta ban ji ba.