Gambar Iyaka

Shekara ashirin ina dillancin wake da gyaɗa tsakanin Madarumfa da Ɗan Issa. Abin da sana'ar ta koya mini shi ne kada ka bar mai saye da mai sayarwa su haɗa ido kafin ciniki ya faɗa. Ka ja wannan gefe, ka ja wancan, ka sanyaya wa kowa maganar ɗan'uwansa. Da wannan dabara na shiga rigimar kawunnaina biyu.

Garkarsu ta gado tana bakin tabki, layin gamba da mahaifinsu ya dasa da hannunsa shi ne iyaka. Wata shekara ƙaramin ya sa garmar shanu ta tumɓuke gambar, ya ci taki huɗu cikin rabon yayansa. Babban ya ce sai ya kai ƙara wurin jandarma. Mai gari ya ce a tara dattawa, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Ni na hana. Na ce zaman tonon silili zai zama, a bar mini.

Na sami babban yana ban ruwan albasa.

"Kawu, ƙanenka ya yi nadama."

"Shi ya faɗa, ko bakin dillali ne?"

"Shi mana."

"To ƙafarsa ce ta karye?"

Na yi dariya, na ce kunya ce. Ƙarya nake yi. Na koma wurin ƙaramin na ce masa yayansa ya yafe, amma ba ya son a ƙara tada maganar, kada ma ya je. Na kawo igiya, na raba takin biyu-biyu, na kafa turakun ƙarfe. Gari ya yi ta yabona.

Shekara shida suna noma kafaɗa da kafaɗa, ba mai cin tuwon gidan wani.

Da babban ya kwanta ciwo ya sa aka kira ni.

"Ɗana, ƙasa na ce maka ina nema? Da ya zo ya ce, Yaya, na ɓata shukar Baba, da garkar duka na bar masa."

Na ruga wurin ƙaramin na faɗa masa gaskiya.

"Ba kai ka ce kada in je ba?"

Ya zura riga muka tafi tare. Mun tarar bakin yayansa ya riga ya rufe. Ya durƙusa ya faɗi maganar sau uku, ban sani ba ko an ji. Bayan kwana biyu muka kai babban makwancinsa.

Turakuna suna nan. Kawun da ya rage yana amsa gaisuwata, amma bai ƙara ce mini ɗana ba.