Ranar da Aka So Wanke Allon Kaka

Shekaranjiya na saka wa kwamfutar ofis sabon tsari a nan Dutsin-Ma. Da ta zo wurin tambayar harshen madannai, sai na ga hannuna ya tsaya cak a kan linzamin kwamfutar. Abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata lafiya lau. Ƙarya na yi mata, mai karatu. Wannan 'yar tambayar ta mai da ni wata damina ina 'yar shekara goma sha uku, a ƙauyenmu can bayan Rawayau, lokacin da karambanina ya kusa cinye abin da ya fi komai daraja a gidanmu.

Kakana na wajen uba malami ne mai makarantar allo a ƙofar gida, ƙarƙashin wata tsohuwar ɗorawa. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Yana da wata gafaka cike da takardun da mahaifinsa ya rubuta da hannu, waƙoƙin wa'azi cikin ajami da bayanin inda kakanninmu suka fito. Yana ji da takardun nan fiye da yadda zan iya kwatanta maka. Matsalar ita ce yanar ido ta rufe masa gani, shekara biyu ke nan ba ya iya ganin rubutun, sai dai ya shafa takardar ya mayar.

Baffana, ƙanen mahaifina, yana koyarwa a Dutsin-Ma. Shi ya ɓata rani guda yana ɗaukar hoton takardun shafi-shafi yana zubawa a wata tsohuwar kwamfuta ta hannu. Kamar ya sani. A farkon damina aka yi wani ruwa da iska ranar da muka tafi suna a Barkiya, rufin ɗakin Kaka ya yaye, muka dawo muka tarar da gafakar a jiƙe sharkaf, tawada ta narke ta koma baƙin ruwa. Kaka bai yi kuka ba, amma kwana biyu ba a ji muryarsa ba sai a sallah. Daga ranar, rubutun mahaifinsa ba ya ko'ina a duniya sai cikin kwamfutar nan.

Ana saura 'yan kwanaki Baffa ya tafi aikin Hajji, ya ce tsohon tsarin kwamfutar ya kamu da cuta, yana tsoron ya ci hotunan. Ya sauke shi ya saka wani sabo, ya mai da hotunan ciki. Ya yi wa Kaka bayani cewa wannan ba saye ake yi ba, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina shi suka bar shi a buɗe, kowa na iya shiga ya gyara yadda yake so. Kaka ya ce ashe waƙafi ne, ya sa musu albarka. Shi dama bai taɓa kiranta kwamfuta ba, allon ƙarfe yake cewa.

Ni Baffa ya damƙa wa, saboda ni ce ke makarantar boko a Kurfi, na ɗan taɓa kwamfuta. Ya koya mini kalmar sirri, sunan bishiyar ƙofar gidanmu, ɗorawa. Ya nuna mini wani maɓalli a gefen dama wanda ke fitar da ɗ mai lanƙwasa. Ya ce in ya dawo zai kwafi hotunan a wani wuri, kafin nan aikina uku ne kacal, in buɗe in karanta wa Kaka, in rufe. Ya ja mini kunne har sau uku kada in taɓa komai.

Na yi biyayya kwana huɗu. Wallahi na yi ƙoƙari. Amma maganar nan ta kowa na iya gyarawa ta ƙi fita daga kaina, kuma ni tun ina ƙarama akwai rawar kai. Ran na biyar da hantsi, maza sun tafi gona, Inna tana surfe, na ɗauko kwamfutar daga masallaci inda ake cajinta da sola, na shige zaure na buɗe wurin saiti.

Na fara da hoton bango, na cire wanda ya zo da ita na sa hoton ɗorawarmu da na samu cikin hotunan Baffa. Na mai da layin gumakan daga gefe zuwa ƙasa, na mai da shi sama, na sake dawo da shi ƙasa. Sai na ga wurin ƙara girman rubutu da na hotuna, na tuna idon Kaka, na ja shi har ƙarshe. Kibiyar linzami ma na mai da ita ƙatuwa. Daga nan na faɗa jerin harsunan madannai, na ga Hausa a sama, Turanci a ƙasa. Na ce ai gidan malamai bai kamata a rasa Larabci ba. Na ƙara shi, na yi ta jan su sama da ƙasa ina jin daɗin yadda suke motsi. Wani akwati ya fito da tambaya cikin Turanci, ban tsaya karantawa ba na danna na'am. Inna ta ƙwala mini kira in zo in tankaɗe gari, na kashe na tafi ina jin kaina wata injiniya.

Bayan la'asar Kaka ya zauna a buzunsa ya ce in kawo allon. Na kunna, na rubuta kalmar, ɗigo shida baƙaƙe suka jeru kamar kullum. Akwatin ya girgiza ya share su. Na sake, a hankali, ina kiran kowane harafi a zuciyata. Ya sake girgizawa. A karo na biyar zufa ta karyo mini duk da iskar hadarin da ke kaɗawa. Kaka ya tambayi abin da ya tsai da ni, na ce masa caji ne ya ƙare. Wannan ce ƙarya ta farko da na taɓa yi masa, kuma har yau tana ci mini rai.

Kwana uku ina wannan hali. Ran farko caji, ran na biyu hadari ya hana sola aiki, ran na uku na ce kaina ke ciwo. Tuwo ya daina wuce mini. Duk sanda zaure ya zama ba kowa sai in lallaɓa in gwada, da manyan haruffa, da ƙanana, da bisimilla, da alwala. Ko gezau. In na ji almajiran Kaka suna ɗaga murya da karatu ƙarƙashin ɗorawa sai in ji kamar da ni suke. Inna ce ta fara zargin akwai wani abu, ta ritsa ni a madafi ta tsare ni da ido, na fashe da kuka na ce kwamfutar ta ƙi buɗewa. Amma ban faɗi abin da na taɓa ba.

Aka samu Baffa a waya daga Makka da ƙyar, murya na yankewa. Ya ce ɗorawa ce mana, bai canza komai ba, sai layin ya katse. Wannan ya ƙara dagula lissafi, don yanzu kowa ya san kalmar daidai ce, kwamfutar ce ta ƙi. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a kai ta wurin masu gyara a kasuwar Dutsin-Ma. Kaka ya ce allon nan ba zai bar gidan ba sai ƙafarsa ƙafarsa.

Da safe muka hau babur, ni a tsakiya rungume da kwamfutar cikin zanen Inna, Kaka a baya. Gero ya yi tsawo har ya rufe hanya ta gefe biyu, taɓo ya sa muka sauka sau biyu muka taka. A Kurfi muka shiga mota. Duk tafiyar nan Kaka carbinsa kawai yake ja, ni kuwa ina ta shirya yadda zan faɗa masa gaskiya ina fasawa.

Mai gyaran da aka nuna mana matashi ne, rumfarsa cike da wayoyi a farke, mutane sun yi layi. Ya ba Kaka benci cikin ladabi. Da ya kunna sai ya ɓata fuska, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan tsarin ba. Ya tambayi kalmar, na faɗa masa, ya rubuta da sauri sau uku, ta ƙi. Ya ce magani ɗaya ne, a wanke ta a saka tsarin da kowa ya sani, ba zai ɗauki awa guda ba. Har ya jawo wata 'yar filasha ya soka a gefenta.

Na san abin da wankewa ke nufi a bakin masu gyara. Amma na yi tsuru-tsuru, tsoron tonon asirina ya ɗaure mini harshe. Na ga yatsansa ya nufi maɓalli. Sai Kaka ya miƙa sandarsa ya ɗora a kan teburin.

“Dakata, ɗana. In an wanke, rubutun da ke ciki fa?”

Mai gyara ya ce ai komai zai tafi, sabuwa fil za ta dawo.

“To wa ya haddace shi?” in ji Kaka. “Mu a wurinmu yaro ba ya wanke allo sai ya kawo hadda. Wannan ba wanda ya haddace. Cire abinka.”

Yau na san akwai hanyoyin ceto hotunan ko da kalmar ta ɓace, amma ranar ba wanda ya sani a rumfar nan, sandar ce kawai ta tsaya tsakaninmu da asara. Mai gyara ya zare filashar yana gunaguni ƙasa-ƙasa. Ni kuma abin ya kai mini iya wuya. Na durƙusa gaban Kaka a tsakiyar kasuwa na zayyana masa komai, hoton bango, girman rubutu, Larabcin da na ƙara, har ƙaryar caji.

Kaka bai yi faɗa ba. Tambaya ya yi, wai ta yaya muka san abin da muke rubutawa daidai ne, tunda na ce masa ɗigo kawai ke fitowa. Ya ce shi bai taɓa gyara wa ɗalibi rubutun da bai gani ba. Mai gyara ya nuna wani ɗan hoton ido a gefen akwatin, ya danna, ya sake rubuta kalmar, haruffa suka bayyana. Kaka ya ce in karanta masa yadda take a rubuce, ba yadda na san ta ba. Na duba da kyau na karanta: dorawa.

“Wannan ba itacen ƙofar gidana ba ne, Uwata. Dal ya rubuta. Ina ɗa mai hannu?”

Ɗa mai hannu shi ne harafin da muke rubuta ɗ da shi a ajami, tun ina 'yar mitsitsiya Kaka ke dukan allona a kan bambancinsa da dal. Mai gyara ya yi dariya ya ce ai duk ɗaya ne, a waya ba wanda ke sa lanƙwasa. Na ture hannunsa, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na danna maɓallin da Baffa ya nuna mini. Maimakon ɗ sai wata alama mai kama da ƙugiya ta fito. Ashe kwana uku ita nake rubutawa a ɓoye bayan ɗigo. Idona ya kai kusurwar sama, na ga 'yan haruffa biyu masu nuna Turanci. Na danna, jerin nan da na yi wasa da shi ya sauko, Hausa tana can ƙasa inda na jefa ta. Na zaɓe ta. Na rubuta harafi shida da yatsa ɗaya.

Ɗorawarmu ta cika fuskar kwamfutar.

Na buɗe shafin farko, ya fito ƙato saboda saitin da na ja har ƙarshe, kalma uku kawai suka cika allon. Na yunƙura zan rage, Kaka ya riƙe mini hannu. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ɗora yatsa a kan wani harafi yana bin lanƙwasarsa. Sai na ji yana karantawa da kansa, a hankali.

“Hannun babana ne,” ya ce. “Ina ganinsa.”

Hukuncina ya biyo baya a gida, kuma bai yi mini rangwame ba. Na ƙaryar daban, wanda ba zan faɗa maka ba. Na karambanin kuwa, kullum bayan la'asar sai na haddace shafi guda na kawo masa kafin a kashe allon ƙarfe. Saitin girman rubutu ya hana kowa taɓawa, har Baffa da ya dawo. Ba a cika shekara ba idon Kaka ya rufe gaba ɗaya.

Yanzu Kaka ya rasu, Allah ya jiƙansa, kwamfutar ma ta mutu tuntuni. Hotunan suna wurare da yawa, har a wayoyin jikoki da ba su iya karanta ajami ba, waɗanda ke turo mini saƙo ba lanƙwasa ko ɗaya suna ce mini na cika tsanani in na gyara musu. Shekaranjiya da abokiyar aikina ta juya, na zaɓi Hausa na sa ta a saman jeri. Ina jiran tsarin ya gama shiga sai na ji bakina yana motsi, ashe shafin farko nake biyawa, ban kuma yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.